Me ya sa sitilo ke ɓacewa daga fili ko da an killace shi?

Tambayar ta zo ne daga wani Alhaji mai kiwon shanu a yankin Ngong, kudu da Garwa a arewacin Kamaru. Ya ce shekara uku da suka wuce ya shuka sitilo, wato shukar abincin dabbobi da ake kira Stylosanthes, a fili mai faɗin hekta biyu, ya kewaye shi da waya, kuma bai taɓa barin ko ɗan maraƙi ya shiga ba tun daga faɗuwar ruwan farko har kaka. A shekarar farko filin ya yi kyau, a ta biyu ya fara cakuɗewa, bana kuwa kyasuwa da gamba sun rufe shi, sai an sunkuya an buɗa ciyawa kafin a ga sitilo ɗai-ɗai. Maƙwabcinsa da suka karɓi iri tare bai yi shinge ba, dabbobin gari suka yi ta kiwo a kai dare da rana, shi ma nasa ya ƙare. Alhaji yana so ya san ko irin ne ba shi da kyau, ko ƙasar ce ba ta karɓe shi ba, tunda wanda ya tsare da wanda ya sake duk sun tashi a tutar babu.

Alhaji, Allah ya ƙara wa dukiya albarka. Irin da ya fito ya rufe fili a shekarar farko ba shi da laifi, ƙasar da ta ɗauke shi damina guda cur kuma ba za a ce ta ƙi shi ba. Abin da ya kashe sitilo a filayen nan biyu shi ne lokacin da bakin dabba ya same su. A naka, ciyawa ta samu sarari ta danne shi domin babu mai cin ta a farkon damina. A na maƙwabcinka kuwa, an cinye furensa kafin ya zubar da iri. Dukanku kun yi abin da ya dace da wani sashe na shekara, sai dai kowannenku ya shimfiɗa shi a kan shekarar gaba ɗaya.

Zan fara da naka filin, domin shi ne ya fi ba mutane mamaki. Sitilo ɗan dangin wake da gyaɗa ne. Idan ka tuge shi za ka ga 'yan ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwarsa, a cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda malaman gona a nan ke kira azot, su ba shukar. Wannan ne ya sa ganyensa ke da furotin mai yawa, kuma shi ne dalilin da ya sa ake shuka shi tun farko. Ciyawar daji idan ta bushe a rani furotin ɗinta kan faɗi ƙasa da kashi 4 cikin 100, alhali tumbin saniya yana bukatar kamar kashi 7 kafin ya iya narkar da abin da ta ci yadda ya kamata. To amma wannan baiwar ba ta ba sitilo saurin girma ba. Ciyayin ƙasashen zafi irin su kyasuwa da gamba an halicce su da wata hanyar sarrafa hasken rana da ta fi ta dangin wake sauri idan akwai zafi da ruwa. Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni, kyasuwa na iya kai gwiwa alhali ɗan sitilo bai wuce tsawon yatsa ba. Gamba kuma ba ta ma jiran iri, tushenta na bara yana nan da abincin da ya tara, ruwa biyu ya ishe ta ta tofo. Sitilo ba ya jure inuwa. Idan ciyawa ta yi masa rumfa mako huɗu zuwa shida, ƙananan da suka tsiro daga iri sukan yi siriri, su yi rawaya, su mutu, waɗanda suka tsira kuma ba sa yin reshe sosai, saboda haka furensu kaɗan ne. Ka ga ke nan wayar da ka kafa ta kare ciyawar fiye da yadda ta kare abin da ka shuka.

Maganin wannan yana cikin garkenka. A farkon damina saniya ta fi son ɗanyar ciyawa mai laushi, takan bi ta kan sitilo ta wuce ba ta kula shi ba sai abin da ya shiga bakinta bisa kuskure. Sai damina ta yi nisa, ciyawa ta fitar da kai ta yi kara, sannan take juyowa ga sitilo. Wannan sauyin zaɓi da shanu ke yi an lura da shi a Ostareliya, inda aka fitar da irin sitilo mai suna Verano ga makiyaya a 1973, an kuma lura da shi a nan Afirka ta Yamma, kuma duk makiyayin da ya tsaya ya kalli bakin shanunsa zai gani da idonsa. A kansa aka gina tsarin rumbun ciyawa da cibiyar binciken dabbobi ta ILCA ta gwada tare da Fulanin yankin Kachiya a jihar Kaduna a shekarun 1980, cibiyar da daga baya ta narke cikin wata sabuwar cibiya mai suna ILRI. A tsarin nan ana killace kamar hekta 4, a shuka sitilo, a sa shanu su ci ciyawar da ta taso a makonnin farko na damina, a fitar da su da zarar sun fara cin sitilon, sai a rufe har rani. A rani kuma ana shigar da zaɓaɓɓun shanu, masu tatsa da masu ciki, kamar 15 zuwa 20, na tsawon awa biyu da rabi a rana, a matsayin ƙari a kan kiwon daji. Ƙasar Kachiya ta fi Ngong ruwa, amma hikimar ba ta canza ba.

Yadda za ka gane ranar fitarwa ya fi kowace ranar kalanda muhimmanci, domin ruwan Garwa, wanda ke kai kusan milimita 1,000 a shekara, ba ya farawa rana ɗaya kowace shekara. Ka shigar da shanu lokacin da ciyawa ta kai tsakanin idon sawu da gwiwa, ka shigar da su da yawa na ɗan lokaci, domin shanu kaɗan a fili mai faɗi sukan zaɓi gefe guda su aske shi ƙal su bar sauran ya tsufa. Kullum da yamma ka zaga ka duba kan sitilo. Ranar da ka ga an datse kawunansa a wurare da yawa, aikin ya ƙare, ka kora su waje. Idan ciyawar ta sake rinjaya bayan mako biyu ko uku, ana iya maimaitawa sau ɗaya. Abu ɗaya da nake roƙon ka kiyaye shi ne kada ka shigar da garke washegarin babban ruwa, musamman a gefen da ƙasa ke da laka, domin kofato zai tumɓuke ƙananan tsiro ya kuma daddaɓe ƙasar. A ƙasa mai yashi da ta sha iska, takun shanu alheri ne, yana danna iri cikin ƙasa yadda hannu ba zai iya ba.

Sai kuma filin maƙwabcinka. Irin da aka fi rabawa a yankin Binuwai da arewacinsa shi ne Stylosanthes hamata, wato Verano, wanda asalinsa daga Benezuwela ne. A inda rani ke da tsawo kamar namu, mafi yawan tushensa ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Duk filin Verano da ka gani kore a shekara ta uku ba tsofaffin shuke-shuke ba ne, jikoki ne da suka fito daga irin da ya zuba a ƙasa. Saboda haka rayuwar filin gaba ɗaya ta rataya ne a kan yawan irin da ke kwance a saman ƙasa, kamar yadda rayuwar gida ta rataya a kan abin da ke cikin rumbu. Verano yana da juriyar kiwo ƙwarai, idan ana cin sa yakan kwanta ya bi ƙasa ya yi fure a inda harshen saniya ba ya kaiwa, shi ya sa za ka gan shi a bakin burtali da gefen hanya shekaru bayan an manta da wanda ya kawo shi. Amma juriya tana da iyaka. Daga watan Satumba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da yake cika fure da ɗaure iri, shi ne daidai lokacin da dabbobi suka fi son sa, kuma shi ne lokacin da gonaki ba a girbe ba, dabbobin gari duk sun matsu a 'yan filayen da suka rage. Idan aka cinye shi a waɗannan makonni shekara biyu a jere, rumbun ƙasa ya zama fanko, damina ta uku babu abin da zai tsiro.

Akwai wani abu game da irin nan da ya kamata ka sani, domin zai kwantar maka da hankali. Yawancinsa ɓawonsa tauri gare shi, ruwa ba ya shiga, shi ya sa ake jiƙa shi a ruwan zafi kafin shukar farko. A fili kuwa zafin rana ne ke yin wannan aiki: ƙasar da ta fito fili a watan Maris da Afrilu tana yin zafin da ya wuce digiri 50 da tsakar rana, ta huce da dare, wannan hawa da sauka ke fasa ɓawon a hankali. Ba duka ke fashewa a shekara ɗaya ba, wani kaso yakan jira shekara ta biyu ko ta uku, kuma wannan jinkiri rahama ne, domin idan ruwan farko ya yaudari tsiro ya ɗauke, akwai na baya. Amma ka lura da abin da wannan ke nufi ga filinka: tarin busasshiyar kyasuwa da ta kwanta a kan ƙasa ta hana rana isa ga irin, ta kuma hana wanda ya tsiro ganin haske. Kiwon rani da ke rage wannan shimfiɗa yana cikin abin da ke tayar da sitilo a damina mai zuwa.

Irin dabbar da ke kiwo ma yana da nasa tasiri. Saniya da harshe take naɗo ciyawa ta fizga, ba ta iya aske ƙasa sosai, kuma wani kaso na iri mai tauri yana ratsa cikinta ya fita a kashi da ransa, har ya tsiro a inda ta kwana. Tunkiya da akuya da leɓe da haƙori suke tsinka, suna zaɓar ganye da fure da kan toho ɗaya bayan ɗaya, kuma suna niƙe iri fiye da saniya. Jaki da doki suna datsewa har ƙasa. Awaki ashirin da ke zarya a fili a watan Oktoba sun fi shanu ashirin ɓarna ga irin shekara mai zuwa, kuma waya mai layi uku da ke tare saniya ba ta tare akuya. Wanda ke kusa da gari ya ƙara ƙaya a ƙasan wayar, ko ya dasa shingen aguwa ko cin-da-zugu ya bari ya yi kauri.

Ba duk dangin wake ake yi wa kiwo iri ɗaya ba, kuma a nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Abin dubawa shi ne inda idon toho yake. Ciyawa idonta a gindi yake, dab da ƙasa, shi ya sa ana cin ta tana tofowa. Masu yaɗo da hawa, irin su lablab da mukuna da siratiro, idanunsu suna kan rassa a sama, idan dabba ta cinye rassan ta cinye inda sabon ganye zai fito, kuma sukan daɗe ba su farfaɗo ba. Waɗannan yanka suke so, a shanya a ɗaure kamar harawa, ko a yi musu kiwo mai sauƙi tare da hutu mai tsawo. Haka nan Stylosanthes guianensis, wanda ya fi dacewa da tudun Adamawa inda ruwa ke kai milimita 1,500, wanda kuma aka daɗe ana aiki a kansa a tashar bincike ta Wakwa kusa da Ngaundere. Shi yana tashi tsaye, gindinsa yana zama itace, kuma tsohon gindi ba shi da idanu da yawa. Idan aka bar shi ya yi tsayi sannan aka cinye ko aka yanke shi ƙasa da santimita 20, sau da yawa ba ya dawowa. Gara a riƙa taɓa shi kaɗan-kaɗan tun yana ƙarami domin ya yi rassa daga ƙasa. A can kuma filin da kiwo ya yi wa yawa ba ya zama fili kawai, ciyawar bokasa ce ke mamaye shi, wadda shanu ba sa ci.

Akwai wani dalili na uku da ke aiki a filinka a ɓoye, kuma shi ne ya sa shekara ta uku ta fi ta biyu muni. Sitilo da kansa yake takin abokin gabarsa. Kowace shekara ganyensa da saiwarsa suna ruɓewa suna ƙara wa ƙasa naitirojin, kyasuwa kuma ba ta son komai kamar ƙasa mai naitirojin. Ko da an yi kiwon farkon damina daidai, bayan shekara uku ko huɗu za ka ga ciyawa tana ƙara ƙarfi. Abin yi a nan shi ne a noma wani ɓangare na filin da masara ko dawa damina ɗaya ko biyu ba tare da zuba takin ure, wato takin naitirojin, mai yawa ba, hatsin ya shanye naitirojin ɗin, ka samu amfanin gona mai kyau, sitilo kuma ya dawo daga irin da ke ƙasa. Takin da sitilo ke bukata shi ne mai fosfat, domin ƙasashenmu na yashi suna da ƙarancinsa, kuma shukar da ba ta samu fosfat ba ba ta farfaɗowa da wuri bayan an ci ta. Zuba ure a filin sitilo kuwa taimakon kyasuwa ne kai tsaye.

Game da kiwon rani, kuskuren da na fi gani shi ne a buɗe ƙofa ga garke duka a watan Disamba, a cinye komai cikin mako uku, sannan a koma sayen turto, wato ƙulin angurya, da tsada a watan Maris lokacin da shanu suka fi ramewa. Awa biyu zuwa uku a rana ga masu tatsa da masu ciki da shanun noma ya fi amfani, domin ɗan furotin da suka samu yana buɗe musu ciki su ci busasshiyar ciyawa da karan dawa da yawa. Jinkiri mai yawa shi ma asara ne, tunda ganyen sitilo yana kakkaɓewa idan iskar hunturu ta yi ƙarfi, gara kuma tana kwashe abin da ya zuba. A daina kiwon tun akwai sauran kara da ɗan ganye a ƙasa. Idan ka ga shanu sun fara lasar ƙasa suna tsintar abin da ya zuba, to irinka suke kwashewa. Wuta kuma a yi mata shara a kewaye tun kaka: tana kashe tsayayyen sitilo, tana cinye abincin ranin gaba ɗaya, ko da yake Verano kan sake fitowa daga iri, guianensis kuwa ya fi shan wahala. Idan ka ga baƙaƙen ɗigo a kara da ganye, rassa suna bushewa daga sama a tsakiyar damina, wannan cutar antaraknos ce, ba laifin kiwo ba ne. Ita ce ta durƙusar da wani irin sitilo a arewacin Ostareliya a shekarun 1970, kuma maganinta sauya iri zuwa mai juriya, kamar CIAT 184 a cikin guianensis.

Abin da na faɗa bai tsaya ga irin da aka kawo daga waje ba, kuma wannan ɓangaren ya fi damuna. Gadagi, wanda kowane mai doki da mai ragon layya ya san darajarsa, ɗan wannan dangi ne, kuma shekara ɗaya yake yi. Ana tuge shi da saiwa a kai kasuwa tun bai ɗaure iri ba, shi ya sa ya yi nisa da garuruwa, alhali da za a yanka shi a bar wani ɓangare ya nuna, da yana nan. A filayen yashi na ƙuryar arewacin Kamaru da na Cadi, inda kiwo ya yi yawa, wata 'yar ƙaramar shuka mai suna Zornia ce ke yawaita domin tana gama rayuwarta cikin 'yan makonni. Abinci ce mai kyau, amma tana kumbura cikin shanu idan suka cika tumbi da ita ɗanya, kuma ba ta barin komai a ƙasa idan rani ya shiga. Inda aka wuce wannan mataki sai tafasa ta gaje wurin, ita ma dangin wake ce amma dabba ba ta cin ta ɗanya. Gawo ma haka: 'ya'yansa da ke zuba a tsakiyar rani suna ratsa cikin dabba su tsiro, amma ɗan gawon da ba a kare shi daga awaki shekarun farko ba ba zai zama itace ba, babban kuma idan ana sassabe rassansa duk shekara ba ya 'ya'ya.

Na san cewa a yankin Ngong, inda gonakin auduga da masara da gyaɗa suka matse burtali, kuma ake sakin dabbobi bayan girbi, rufe fili a watan Satumba da Oktoba ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ka sanar da jauro da arɗo tun kafin damina cewa wannan fili shuka ne kamar gona, a san iyakarsa, a kuma san ranar da za ka buɗe. Maƙwabcinka ma idan ba shi da halin sayen waya, ya tsare rubu'in hekta kawai da ƙaya na wata biyun nan, irin da zai zuba a wurin ya isa ya riƙa ciyar da sauran filin ta hanyar kashin shanu.

Filinka kuwa bai mutu ba. Shekara biyu sitilo ya zubar da iri a cikinsa, kuma mai taurin ɓawo yana nan kwance. A ranin nan ka sa shanu su cinye busasshiyar ciyawar su tattake ta har ƙasa ta fito fili kafin watan Maris, gamba kuma ka yanke ta ka yi zana ko ka sayar, ka sassare tushen da suka yi yawa a tsakiyar filin ka bar na gefe. Idan ruwa ya sauka sau biyu ko uku, ka durƙusa a wurare goma daban-daban ka ƙirga tsiron sitilo mai ganye uku-uku a cikin taku ɗaya murabba'i. Inda ka samu da yawa, kiwon farkon damina kawai yake bukata. Inda ka samu ɗai-ɗai ko babu, ka kwanar da shanu a wurin dare biyu ko uku su farfasa ƙasar, ka watsa iri da aka jiƙa, ka bi da ɗan takin fosfat. Rabin hekta da kyasuwa ta fi ƙarfi a cikinsa ka noma shi masara a damina mai zuwa, ka bar sitilon da ya fito a tsakanin kunya bayan noma na biyu ya yi fure ya zubar da iri.